Busa da Amshinta: Daga Ƙasar Ringim Zuwa Shikago

Ba a busa kakaki ɗaya. Ko ka hango mutum guda ya ɗaga nasa sama a ƙofar fada, dubi gefensa, za ka ga ɗan'uwansa tsaye da wani a leɓe yana jira. Abin da ya kawo haka huhu ne. Bututun ƙarfe mai tsawon mita biyu zuwa uku yakan shanye iskar ƙirjin ƙato nan da nan, ga sarki kuma yana tafe, ba a so sauti ya yanke kafin ya wuce. Sai mabusa suka raba aikin: wannan ya kira, wancan ya amsa, mai busa farai ya cike gurbin da suka bari, mai ƙaho ya jefa tasa a tsakani. Wanda ke nesa sai ya ɗauka baki ɗaya ne ke magana. Lugude ne dai irin na mata a turmi guda, kowace taɓarya ta san lokacin saukarta.

Turawa idan za su haɗa sauti, ɗora shi suke yi, uku ko huɗu a kan juna a lokaci ɗaya, kowanne da matakinsa a rubuce. Mu jerawa muke yi, wani bayan wani, wutsiyar wannan tana taɓa kan wancan. A wurin da suka taɓa junan nan ne kunne ke jin sauti biyu tare, kuma nan daɗin yake. Wannan tsari ya ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ya zauna, domin kayan busar ba rana ɗaya suka iso ƙasar Hausa ba.

Mutumin Garki na da ya san haka ta wata fuska: ya san abin da ake busawa a garinsu, ya san wanda sai ya yi tafiya zai ji. Garki tana arewa da Ringim, ƙasar gero da dawa da riɗi, kuma har shekarar 1991 a cikin masarautar Kano take. Kakaki kuwa na sarkin yanka ne. Hakimi, kome girman rawaninsa, algaita da ganga ne rabonsa. Saboda haka mai son jin kakaki daga wannan yanki sai ya bi hakiminsa birnin Kano hawan Sallah, ko ya leƙa gabas, Gumel, inda masarauta ce mai cin gashin kanta wadda asalinta ke jingine da Barno. Wannan zama tsakanin Kano da ƙasar da ke kallon Barno ba ƙaramin abu ba ne a tarihin busa, don ta waɗannan hanyoyi biyu kayan suka riƙa shigowa.

Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ajiye mana jerin yadda aka tara su. Ya ce a zamanin Sarki Tsamiya, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1307 zuwa 1343, aka fara busa dogayen ƙahoni a Kano, kuma tun a lokacin magana ake sa su yi, ba ƙara kawai ba. Bayan shekara ɗari, zamanin Dauda Baƙon Damisa, wani babban basarake da ake kira Dagaci ya taso daga wajen Barno da jama'a da malamai, da dawakai da ganguna da kayan busa da tutoci. Sai Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, wanda ya gina gidan sarautar da ake ciki har yau ya kuma kafa kasuwar Kurmi. Shi littafin ya ba tutar fara kakaki, tare da figini da takalman gashin jimina. Kafin a kai zamanin Kutumbi, 1623 zuwa 1648, abin ya zama runduna: idan ya fita yaƙi ko Sallah, an ce kayan busa ashirin da biyar ne ke tafe da shi, ban da ganguna da tambura. Mutum ashirin da biyar ba za su busa abu ɗaya a lokaci ɗaya a ji magana ba. Dole an kasa su, dole akwai wanda ke farawa da waɗanda ke karɓa. Marubucin bai ambaci sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, kamar yadda aka saba. Sunan sarki ake rubutawa, ba na wanda ya busa masa ba.

Kakakin kansa ɗan gidan dogayen ƙahonin ƙarfe ne da suka bazu a ƙasashen Musulmi, irin wanda Marokawa ke kira nafir suna tashin mutane sahur da shi. Algaita ma ta arewacin Afirka ta ɓullo, ghaita suke ce mata a can. A Barno, Bature Dixon Denham da ya je a 1823 ya ga ana busa wa Mai, wato sarkin ƙasar, wasu dogaye na itace masu ƙafa goma zuwa goma sha biyu. Hanyar da ta haɗa Kano da Kukawa a ƙasar Barno ta Gumel take bi, ita Heinrich Barth ya bi a 1851. Fatake da manzannin sarakuna da maroƙa duk ita suke takawa, kuma maroƙi ba ya wuce gari bai bar wani abu a kunnen yaran garin ba.

Jihadi ya so ya taka wa abin birki. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙ, ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe da bushe-bushe cikin halayen mulkin sarakunan da ya yaƙa, ya bar ƙofa kawai ga kiɗan da ke da dalili, kamar tara mayaƙa ko sanar da jama'a. Amma mulki yana son a ji shi. Sarkin Kano na farko bayan jihadi, Sulaimanu, ya yi zaman malanta; Ibrahim Dabo da ya gaje shi a 1819 ya dawo da yawancin tsarin sarautar da aka tarar, kayan alfarma kuma suka biyo baya. Ƙofar nan da Shehu ya bari ita ta ishi kakaki ya shige, tunda aikinsa sanarwa ne: sarki ya fito, sarki ya sauka, gobe Juma'a. Har yanzu a fadoji da dama ana yin sara ran Alhamis da dare, mabusa da makaɗa su taru a ƙofar gida su yi ta jero taken sarki da na kakanninsa.

Yana da kyau a tsaya a dubi kakakin da kyau, don a gane me ya sa mai amsawa ya fi wahala da mai kira. Gaɓa biyu ne ake zura ɗaya cikin ɗaya, bakinsa faffaɗa, ƙarshensa buɗe kamar mazurari. Ba shi da ramin yatsa ko ɗaya. Leɓe ne ke karkarwa a ciki, kuma sauti biyu ne ainihin abin da yake bayarwa, na ƙasa da na sama. Sai aka yi dace harshen Hausa ma a kan karin sama da na ƙasa yake tafiya, shi ya sa da sauti biyun nan ake fitar da take har wanda ya saba ya ji kalmomin. To mai kira shi ke da zaɓi, ya fara lokacin da ya ga dama. Mai amsawa ba shi da wannan gata. Idan ya yi gaggawa ya haɗiye ƙarshen maganar ɗan'uwansa. Idan ya yi jinkiri aka ji rami. Yana tsaye ƙirji cike, ido a kan kafaɗar na kusa da shi, yana karanta lokacin da iskarsa za ta ƙare. Mai farai, da ɗan gajeren bututunsa mai kaifin murya, shi kuma yana lura da su duka biyun. Sarkin Busa da Sarkin Kakaki sarautu ne da ake naɗawa, sana'ar kuma gado ce, yaro yakan daɗe yana riƙe wa ubansa kaya yana amsawa kafin a bar shi ya kira. A ganina a shekarun amsawar nan ake zama gwani, ba bayan an samu rawani ba.

Algaita ta bi wata hanyar ta warware matsalar numfashin. Ita jikinta itace ne an lulluɓe da fata, da ramukan yatsa huɗu, da siririn bututun ƙarfe, da ɗan faifai da leɓe ke jingina a kai, sai ɗan tsinken da ake cusawa gaba ɗaya cikin baki. Mabushi yakan cika kumatunsa tim, ya mai da su rumbun iska; yayin da kumatun ke matsa iskar cikin algaita, shi kuma yana shaƙar wata ta hanci. Sautin ba ya yankewa ko kaɗan, sai a yi doguwar tafiya a bayan dokin hakimi ba a ji inda ya tsaya ba. Masu wannan sana'a a ƙasashe da yawa da tsinke da ƙwaryar ruwa suke koyo: ka yi ta hura kumfa, kada ta tsaya, kana numfashi. Duk da haka idan algaita biyu suka haɗu, ba su zuba magana tare. Ɗaya ta ja take, ɗaya ta tsaya a kan sauti guda ko ta maimaita gindin, sannan su yi musaya. Mawaƙan fada haka suke da 'yan amshinsu. Wanda ya saurari Musa Ɗanƙwairo ko Narambaɗa ya san jagora yakan saki ɗa tun bai kai ƙarshe ba, yaran su cafe, su yi masa rakiya, wani lokaci su yi ƙari, shi kuwa ya samu ya huta ya shirya na gaba.

Zuwan Turawa bai kashe kakaki ba, har ma ya sauƙaƙa ƙera shi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen Nguru da ya ratsa Ringim ya kammala a 1930, gyaɗa tana fita, kananzir yana shigowa. Gwangwanayen kananzir ɗin nan maƙeran farin ƙarfe suka riƙa yankewa suna naɗewa suna lanƙaya wa dalma, kakaki ya fito mara nauyi. Ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birni, daga baya aka fitar da masarautun Dutse da Ringim daga ta Kano suka haɗu da Haɗeja da Gumel da Kazaure. Garki ta faɗa ƙarƙashin Ringim tare da Taura da Ɓaɓura. Busar da kakannin mutanen yankin ke tafiya Kano su ji, yanzu ga ta a kusa.

Akwai kuma busar da ba ta taɓa shiga fada ba. Bayan an yanke dawa, yara da samari a ƙauyuka sukan samu kara, su rarake cikinsa, su tsaga ɗan harshe siriri a jikinsa kusa da ƙarshe ba tare da sun cire shi ba. A kifa baki a kan harshen nan, a hura ya yi kuka, a zuƙa ma ya yi kuka. In an sa masa 'yan ƙoƙuna a ƙarshensa don ƙara amo, shi ne damalgo. Wannan ita ce hanya ta uku ta cin galabar numfashi: kada a bar shaƙa ta tafi a banza. Kuma a kan wannan dabara aka gina wani ɗan abin busa da ya yi suna a wata duniyar, wato harmonika.

A ƙasashen da ke magana da Jamusanci aka ƙirƙiro ta wajen shekarun 1820. Wani mai gyaran agogo, Matthias Hohner, ya kafa masana'antarta a garin Trossingen a 1857, ya riƙa aikawa Amurka. Samfurinsa da ya fi shahara, Marine Band, ya fito a 1896. Ba ta wuce tafin hannu ba. Ramuka goma ne a jere, kowanne da harsunan tagulla biyu, ɗaya na hurawa ɗaya na zuƙa. Jamusawan sun tsara ta ne don waƙoƙin rawarsu: ramukan ƙasa idan aka haɗa su a baki su ba da sauti uku masu jituwa, na tsakiya kuma su ɗauki waƙar. Arha gare ta, tana shiga aljihu, shi ya sa ta faɗa hannun baƙaƙen fata manoman auduga na kudancin Amurka, jikokin bayi.

Su kuwa sai suka juya ta. Maimakon su ɗauki sautin hurawa a matsayin gida, suka koma kan na zuƙa, suka gano cewa in ka zuƙa kana sauya zaman harshe da maƙogwaro, sautin yakan lanƙwasa ya yi ƙasa, ya fitar da wasu da maƙeran ba su sa a ciki ba. Da wannan lanƙwasa harmonika ta koyi kuka irin na muryar mutum, ta zama ta kiɗan buluz. Sannan ga dabarar toshewa da harshe: baki ya rufe ramuka huɗu, harshe ya danne biyun tsakiya, iska ta bi ta gefe da gefe, sauti biyu su fita tare, na ƙasa da takwaransa na sama. A ɗage harshen farat ɗaya, duka huɗun su buɗe kamar an buga ganga. Mutum ɗaya ke nan yana yi wa kansa kira da amshi.

Amma ainihin aikin mai harmonika a buluz bin mawaƙi ne. Baitin buluz yakan bar fili bayan kowane layi, kuma wannan filin ne gonar mai busa. Sonny Terry, makaho daga yankin Carolina, ya shekara fiye da talatin yana cike wa mawaƙi Brownie McGhee irin wannan fili, yana haɗa busa da wata 'yar kururuwa ta maƙoshi, ɗaya na shiga inda ɗaya ya fita. John Lee Williamson, wanda ake kira Sonny Boy, ya fara ɗaukar faifai a 1937, ya mai da harmonika abin da ke jan gaba, aka kashe shi a Shikago a 1948. Little Walter, yaron mawaƙi Muddy Waters, ya dunƙule harmonika da ƙaramin makirfo a tafin hannu ya haɗa da amsa-kuwwa. Kiɗansa mai suna Juke ya hau kan jerin faifan baƙaƙen fata a 1952. Duk da wannan suna, abin da masu sana'ar ke komawa su saurara shi ne yadda yake bin Muddy a baya: ya riƙe dogon sauti a ƙasan muryar, ya yi shiru inda kalma ke da nauyi, ya shigo daidai inda numfashin ubangidansa ya ƙare. Ƙa'idar da suke koya wa yara ita ce kada ka taka mawaƙi.

Haɗa harmonika biyu kuwa ya fi wuya, don murya ɗaya gare su, wuri ɗaya suke nema. A 1972 kamfanin Alligator na Shikago ya fitar da faifan Big Walter Horton tare da Carey Bell, malami da almajirinsa. Abin da suka yi mabushin fada zai gane shi tun a sauraron farko: ɗaya ya sauka ramukan ƙasa ya riƙe gindi, ɗaya ya hau sama ya yi magana, can su sauya. A 1990 kamfanin ya tara huɗu a faifai guda, James Cotton da Junior Wells da Carey Bell da Billy Branch, kuma har a nan bi da bi ne ya fi yawa.

Ko akwai jini tsakanin waccan busa da tamu? A nan ya kamata a yi taka-tsantsan, don masu son gori sun fi masu bincike yawa. Hausawan da aka tsallaka da su teku sun fi yawa a Bahiya ta Brazil, inda suka yi bore a 1807, ba a Misisifi ta kudancin Amurka ba. Sai dai an kwashi mutane da yawa daga sauran ƙasashen Sudan ta Yamma zuwa Amurka ta Arewa, kuma a can doka ta tsananta wa ganga: bayan boren Stono na 1739, dokar Carolina ta Kudu ta 1740 ta hana bayi ganguna da ƙahoni. Abin da ya rage a hannu shi ne mai tsirkiya da ƙaramar busa da murya, wato kayan mutanen ƙasashen ciyawa irin tamu. Paul Oliver ya kawo wannan hujja a littafinsa na 1970, Gerhard Kubik ya faɗaɗa ta a 1999, har ya ɗora kiɗan wani Bahaushe mai goge da ya ɗauka a Kamaru kusa da na mawaƙan Misisifi don a ji kamar. Kama dai akwai ta: jan murya, lanƙwasa sauti, tsayawa a kan gindi ɗaya. Amma kama ba takardar gado ba ce, kuma harmonika ba jikar damalgo ba ce. Matsala ɗaya ce mutane biyu suka tarar, kunnuwansu kuma suna da tsohuwar dangantaka.

Wani daga cikin mabusan Amurkan ya zo da kansa ya duba. Yusef Lateef, Musulmi baƙar fata da ya tashi a Detroit, gwanin busa a kiɗan jaz wanda buluz ke cikin jininsa, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a cibiyar nazarin al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Sarewar Fulani makiyaya ya fi mai da hankali a kai, wadda mabushinta kan yi gurnani a maƙoshi yana busa, sauti biyu daga ƙirji ɗaya. Ya ɗauki faifai a Legas a 1983, ya kuma haɗu da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi kan kiɗa da wasannin Hausa wanda ya fito a 1987.

Yau a ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, yaro ɗaya da fiyano da kwamfuta yakan fitar da muryar algaita da ta sarewa, ya jera su hawa-hawa yadda ya so, na'ura ba ta gajiya balle ta nemi mai karɓarta. A bukukuwan aure a Garki da Ringim da Dutse irin wannan kiɗan ne ke fita daga lasifika. Kakaki da farai sun tsira ne saboda sarauta ba ta yarda a busa wa sarki da kaset ba. Da aka naɗa Hameem Nuhu Sanusi sarautar Dutse a 2023 bayan rasuwar mahaifinsa, tsarin da ya gada ya haɗa da mabusa, kamar sauran fadojin Jigawa huɗu, kuma kowace fada tana bukatar aƙalla mutum biyu da suka san take ɗaya, suka kuma san numfashin juna.